Lokacin da Nake Ba da Hayar Cikina

Duk ayyukan da na yi a Abuja, daga fasa dutse a Mpape har lodi a tashar Jabi, babu wanda ya kai na kwanciya daɗi. Wata makarantar koyon likitanci ce ta ɗauke ni. In taso daga Tungan Maje, in hau gado, in ɗage riga, in ce cikina ke ciwo alhali lafiyata ƙalau. Ɗalibi ɗaya ya duba ni sauran suna kallo, sannan su faɗa masa inda ya yi daidai da inda ya ɓata. Likitar da ke koyar da su ta ja mini kunne tun ranar farko.

"Baba, kai majinyaci ne. Gyara aikinsu ne, kada ka sa baki."

Na ce to. Ina son aikin, fanka ma a kaina take.

Sai dai yaran nan ba sa gyara kowa. Likita ta ce a fara da abu mai kyau, sannan a faɗi takamaiman abin da za a canza. Sai su faɗi mai kyaun su ja bakinsu. "Ya yi ƙoƙari." "Gaskiya ya burge ni." Wai waɗannan ne za su riƙa gaya wa mutum gaskiyar cutarsa.

Akwai wani babba a cikinsu, ya yi soja kafin ya dawo karatu, kowa oga yake ce masa. Hannunsa na kwaɓa siminti ne. In ya danna ni sai in ji tuwon jiya yana neman hanyar fita. Ni kuwa da ma an ce in yi nishi, to wa zai gane na gasken? Yana gamawa wani siririn ɗalibi mai tabarau, sarkin yabo, zai miƙe.

"Oga ya nuna ƙwarewa. Har majinyacin ya yi hawaye."

Na daure har na fara tafiya a duƙe. Matata ta ce in dai wannan ne aikin ƙaryar, gara na gasken. Rannan na tare likita a baranda na ce, "Hajiya, ban sa baki ba. Amma in ba su gaya wa sojan nan gaskiya ba, wata rana ciwon zai zama na gaske."

Ta ce ta ji.

Mako na zagayowa ta ce in zauna a kujera, ta nuna mai tabarau. "Kai, hau gado. Oga, bismillah."

Dannawa ɗaya sojan ya yi, tabarau ya zame. Yaron ya tashi zaune yana haki.

"Oga, ka gaishe ni da kyau, wannan shi ne mai kyaun. Amma hannunka sanyi, farcenka na buƙatar yanka, kuma daga inda ke ciwo ka fara. Ka riƙa kallon fuskar mutum, don Allah."

Sojan ya dubi hannunsa, ya dube ni. "Baba, haka nake yi maka?"

Na ce an hana ni magana.

Likita ta ji daɗi ƙwarai. Ta ce tun da take koyarwa ba ta taɓa jin gyara mai kyau irin wannan ba, don haka daga yau ɗalibai za su riƙa kwanciya wa junansu. Ta gode mini sosai, har ta rako ni bakin ƙofa.

Yanzu gadi nake yi a Zuba. A tsaye.