Sunan da Dalhatu Bai Taɓa Kira Ba

Malam Dalhatu dillalin raƙuma ne a kasuwar Maigatari. A wani ƙauyen Sule Tankarkar aka haife shi, tun yana yaro yake bin ubansa kara, wato kasuwar dabbobi, a nan kuma furfura ta same shi. Baki gare shi kamar me. In ya kama ciniki, ko Buzun da ya zo da fushi sai ya tafi yana dariya.

Mutum ɗaya ce bakin nan bai taɓa yi wa amfani ba: Murja, 'yarsa ta fari. Kunyar ɗan fari ya gada, ya kuma riƙe ta gam. Bai taɓa kiran sunanta ba. "Yarinyar nan ta ci abinci?" zai tambayi uwarta Hannatu, alhali ga yarinyar nan tsugune a gabansa.

Murja ta shiga wata 'yar kwaleji a Gumel tana karanta ilimin zamantakewa. A shekarar ƙarshe aka ce kowa ya yi bincike, ita kuwa ta zaɓi yadda dillalai ke riƙe amanar baƙin da ke shigowa da dabbobi daga Nijar. Da Hannatu ta gaya masa, sai ya ce "to," ya kau da kai. Amma ranar Alhamis, ranar kasuwa, babbar rigar Juma'a ya saka.

Ga Murja ta shigo kara da wayarta a hannu. Ta durƙusa daga nesa ta gaishe shi, kamar kullum, ta wuce rumfar Abdulganiyu.

Abdulganiyu fa! Wanda jiya-jiyan nan yake riƙe wa Dalhatu akala! Shi ne aka kanga wa waya a baki, yana ta zuba, yana wani gyara hula. "Rubuta wannan, 'yata," in ji shi. Murja ta ƙyalƙyale da dariya. Dalhatu bai san haka dariyarta take ba.

Kishi ya ci shi, ba kaɗan ba. Duk Alhamis sai ta dawo, duk Alhamis sai ya rasa kan cinikinsa, kunnensa na can rumfar da ke kallon tasa.

"Ki gaya wa yarinyar nan," ya ce da Hannatu, "shirme mutumin nan yake shirga mata."

"Malam, ai kai ma da bakinka."

"Ni? Haba! A ce me?"

"To ita kuma ta ina za ta fara? Tun da aka haife ta ba ka taɓa ce mata zauna ba."

Alhamis ɗin da Murja ta zo yin sallama, Dalhatu ya ji Abdulganiyu yana ba ta labarin wani Batubbe, baƙo daga Nijar, da ya bar raƙumansa amana har damina ta wuce, ya dawo ya tarar da su cif. Amanar nan a hannun Dalhatu aka bar ta. Ya miƙe. Murja ta riga ta juya za ta tafi.

"Murja!" Dalhatu ya ƙwala mata kira.

Ta tsaya cak, ta waiwayo da fara'arta, ta dubi Abdulganiyu, ta ɗauka shi ya kira ta.

"Na'am, Baba?"