Baba Zakariyya, Wanda Ya Ƙi Ɗaura Mana Inci Ashirin da Biyu

Ƙarfe bakwai na safe Baba Zakariyya yake ɗaga ƙofar shagon taya a Durumi. Ba nasa ba ne, shekara ashirin da shida yana yi wa wani aiki. Kafin ya taɓa sifana sai ya durƙusa gaban mota, ya goge gefen taya da babban yatsa, ya karanta ƙananan lambobin nan da mu masu mota ba mu taɓa kallo ba. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Oga ya ce yana korar masa kwastoma, kuma gaskiyar oga ne, don ni ma ya taɓa korata.

Bara ƙanena Al-Amin ya sayo motar lantarki, irin wadda kafin ka ce kwabo ta ɓace maka. Da rim, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, inci goma sha tara ta zo. Shi kuwa ashirin da biyu yake so, da siririyar taya kamar awarwaro, don haka abokansa suka yi. Ni na raka shi shagon, ni kuma na zuga shi.

Baba ya duba tayar da Al-Amin ya nuna, ya girgiza kai.

"Ɗana, batirin motar nan kaɗai ya kai buhun shinkafa goma, ga ta da fizga. Lambar nauyin tayar nan ba ta kai ba, kuma ba ta da naman da za ta sha rami. Ka bar sha tara. In ka matsa, ashirin, da taya mai ɗaukar nauyi."

Al-Amin ya yi dariya. "Baba, Abuja ce fa, titi sumul."

"A cikin Abuja motar za ta tsufa?"

Nan na sa baki, Allah ya yafe mini. Na ce, "Baba, taya muka zo saya ko wa'azi?"

Ya ce, "Hajiya, ku yi haƙuri. Hannuna ba zai ɗaura ta ba."

Oga ya wanke shi tas a gabanmu. Shago na uku daga nan aka ɗaura mana cikin rabin awa.

Bayan wata biyu, da rana tsaka, Al-Amin ya faɗa rami kusa da Yangoji, can wajen Abuja. Rim ya tsage, taya ta fashe, mota ta wuntsila. Ya rayu, amma daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai. Shekararsa ashirin da tara.

Kai ne, Baba, ka zo asibiti da ledar lemo, ka tsaya bakin ƙofa kamar mai laifi. Na yi ta jira ka ce ai ka faɗa. Ba ka faɗa ba, da ka faɗa wallahi da na fi samun sauƙi. Kauthar mai abinci a gefen shagonku ta ce mini ba mu ne farau ba: an sha zaginka kan ƙin ɗaura taya, ka haɗiye, ka koma kan aikinka. Waɗanda suka ji maganarka suna can suna yawo da ƙafafunsu, ba su ma san sunanka ba.

Na gode, mai gaskiya ko da ta ci gurbinka. Ka yafe mini. Ku kuma masu sana'a, don Allah ku koyi cewa a'a, ko mai mota zai yi fushi.

Makon jiya Baba ya zo gida duba Al-Amin. Ya durƙusa gaban keken guragunsa, ya latsa tayar, ya dubi tsakuwar tsakar gidanmu.

"Wannan ta yi siriri, ɗana. In kawo mai kauri?"

Al-Amin ya dubi tayar. Ya ce, "Duk wadda ka zaɓa, Baba."