Badaru da Motar da Ba Ta Tari

Badaru ɗan Sifawa ne, kuma tun yana ƙarami aka san shi da hali ɗaya: duk abin da ya gani a hannun baƙo ya fi na gidansu. Da karen mota ya fara a tashar Boɗinga, ya zama direba, har Allah ya kai shi shugaban direbobi a kamfanin Alhaji Tukur mai sayen albasa. Motoci huɗu ne kacal, amma in ka ji Badaru yana cewa "motocina" sai ka ɗauka jiragen sama yake kiwo.

Bara aka aike shi Abuja, ya hau tasi mai aiki da lantarki. Shi ke nan, aka rasa kansa. Ya dawo yana toshe hanci in an tada a-kori-kura, mutumin da ya tsufa yana zuƙo fetur da tiyo a baki. Kullum yana ƙofar ofishin Alhaji.

"Ranka shi daɗe, duniya ta wuce ta bar mu. Ba fetur, ba baƙin mai, ba hayaƙi. Faifan sola kawai za mu ɗora a rufin sito."

Alhaji ya ce, "Badaru, ka tuna Kajiji kuwa?"

"Na san Kajiji kamar yunwar cikina. In motar ga ta ba mu kunya, a karɓe makullai a ba Haliru."

Haliru shi ne mataimakinsa, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan kujerar. Alhaji ya ce, "Na ji, Haliru ma ya ji."

Wani dila a Sakkwato ya ba da aron motar lantarki guda a gwada. Fara ce tas. Badaru har sabon kaftani ya ɗinka don su dace.

To, ga yadda ake cinikin albasa a Kajiji. Manoma suna can ƙasan fadama, waya ba ta cika shiga ba. Tsohuwar motar kamfani kuwa salansarta ta fashe tun ba yau ba, tun daga nesa ake jin gurnaninta. Da sun ji sai su ajiye fartanya, su ɗora wa jakai buhuna, su hauro gindin tsamiya. Kafin direba ya kashe inji an fara sauke kaya. Badaru da kansa ya yi shekaru yana cin moriyar wannan ƙara, yana zaton kwarjininsa ne ke fito da mutane.

Sabuwar mota ta shiga gari kamar kyanwa. Ko kaji ba su matsa ba. Badaru ya tsaya gindin tsamiya, ya ɗaga gilasai, ya kunna sanyi, ya harɗe. Ba zai danna oda ba, wai wannan aikin 'yan kabu-kabu ne. Hantsi ya wuce, azahar ta yi. Sai wata tsohuwa mai fura, Kande, ta ƙwanƙwasa gilashi.

"Ɗana, mutuwa ta yi?"

"Ba ta mutu ba, Inna. Haka take."

"Ko tari ba ta yi? To, Allah shi ba ta lahiya."

Ana cikin haka wani ɗan kasuwa daga Shagari ya shigo da wata akwala mai ƙara kamar injin niƙa. Fadama ta amsa. Jakai suka hauro jere, suka wuce farar mota ko kallo babu, aka loda wa mutumin Shagari albasar da Alhaji ya kwana yana jira. Badaru ya fito yana ɗaga hannu, wani manomi ya ce, "Au, kai ne? Mun ɗauka 'yan rigakafi ne sunka zo."

Ya juya ba ko buhu ɗaya. Sanyin da ya wuni yana sha kuwa ya cinye caji, motar ta tsaya kafin Shagari. Haliru ne ya zo da tsohuwar motar kamfani, ya ɗaura igiya, ya jawo su ta tsakiyar kasuwar Boɗinga, a hankali, yana gaisawa da kowa.

Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya ce a mayar wa dila kayansa da godiya, in an tashi sayen motar aike cikin gari za a neme shi. Sannan ya miƙa hannu, Badaru ya zaro makullai.

Yanzu yana sito, yana lura da masu ɗinke bakin buhu. Har gobe cewa yake motar ba ta da laifi, mutanen Kajiji ne ba su waye ba. Makon jiya na ji yana ba su labari wai a ƙasar Sin jirgi marar matuƙi ke ɗaukar albasa daga gona. Alhaji ya hana a sake aikensa ko da Tambuwal.