Butar Malam da Fitilar Rakiya

Jiya na shiga motar 'yata Rakiya a unguwar Banikanni, sai na ga ta liƙe fitilar da ke nuna injin ba lafiya da takarda. Wai haskenta ke damun ta!

Zamanin juyin juya hali, lokacin da ake kiran kowa kamarad, wato abokin gwagwarmaya, tsohuwar a-kori-kura nake ja, ba ta da irin wannan fitila. Ran nan na ɗauko mai naƙuda daga Kolokonde zuwa asibitin Djougou, injin ya kama tari yana fizga, tudu ya gagara.

Mijinta ya ce, "Direba, mu nemo amalanke."

Na ce, "Malam, miƙo butarka."

Na ɗiga ruwa kan bututun hayaƙi huɗu na jikin injin. Uku suka yi cuu don zafi, na huɗu shiru, alamar nan ne wuta ba ta kamawa. Na kwance bujinsa, wato fulogin da ke ba da wuta, na kankare baƙin, na mayar. A asibiti ta haihu, ba a daji ba.

Na ɓare takardar Rakiya na ce, "Juya, garaji za mu."

Mu da buta muke roƙon mota ta yi magana. Ku 'yan yau ta yi muku magana, kun toshe mata baki. Cikinku wa kuma ya liƙe tasa fitilar? A faɗi gaskiya.