Robar da ke cikin zabirar Ciɗo

Duk namijin da ya girma a Takanamat kafin farin tamanin da huɗu ya taɓa zama gaban Ciɗo wanzami, kuma ya san Ciɗo ba ya lallashi. Haifaffen Kalfu ne, can ya gaji zabira daga ubansa. Farin saba'in da uku ne ya kashe masa gona da awaki ya koro shi arewa, ya kafa rumfa bakin kasuwa. Aski, ƙaho, cire beli, kaciya, babu wanda hannunsa bai iya ba. Ni taubashinsa ne, ɗan ƙanwar ubansa, don haka ina da ikon faɗin abin da wasu ke rufa masa, kuma zan faɗa.

Mutumin nan da ya zubar da jinin rabin gari tsoron wuƙa yake ji! Ko ƙaya ta soke shi ba ya yarda wani ya cire masa. In na tsokane shi sai ya ce ai shi ya san abin da ƙarfe ke yi wa nama, mu jahilai ne shi ya sa muke miƙa wuya.

Abu na biyu da ya fi tsoron wuƙa ƙarfi a wurinsa shi ne kunya. Ƴarsa ta fari, Habsatu, bai taɓa kiran sunanta ba. Da ta auri Alƙasum, majon, wato ma'aikacin jinyar, da ke riƙe da likita, ƙaramin asibitin garin, sai kunyar ta ninka. Ciɗo ba ya cin abinci inda surukin yake, ba ya kallon idonsa, in ya hango farar rigarsa sai ya sake hanya. Magana tsakaninsu kuwa sai ta bakina, ko da tabarma ɗaya suke zaune. Alƙasum ma haka yake, yaro mai ladabi har ya yi yawa.

Da tsufa ya kama Ciɗo, fitsari ya fara yi masa gardama. Yana tsakiyar aski sai ka ga ya ajiye aska ya ruga bayan zana, ya daɗe, ya dawo yana tsaki. Na sha ganin dattijo zaune da rabin kai fes, rabi gashi, yana jiran sa a rana. Ya ci ƙwallon kabewa, ya sha jiƙo iri-iri, wani ya ɗan sassauta, wani ya ƙara masa ciwon ciki kawai. Na ce mu je wurin surukinsa. Ya harare ni.

"Kai ɗan mace, ba ka da hankali. In kai mishi wanga zance? Kuma na jiya asibitin Tawa hwarke mutum sukai awa rago. Ni ba a hwarke ni."

Ranar wata kasuwa, cikin tsananin farin tamanin da huɗu, soja na rabon dawa a filin gari, hanyar fitsarin Ciɗo ta toshe gaba ɗaya. Tun safe ko ɗigo. Kafin azahar mararsa ta kumbura ta yi tauri kamar ƙwarya, gumi na zuba, ƙaton mutum yana cizon hannun rigarsa. Ban nemi shawararsa ba. Na kira majiya ƙarfi muka ɗora shi a amalanken jaki, yana zagina tun daga rumfa har ƙofar likita.

Abokin aikin Alƙasum ya tafi da motar likita wajen Tebaram yi wa yaran makiyaya allurar ƙyanda. Ba mota, ba wani ma'aikaci, sai suruki. Muka kwantar da Ciɗo a ɗaki, Alƙasum ya tsaya waje gindin taga ya juya baya, ni kuma na tsaya bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje.

"Kawu Yunusu," in ji Alƙasum, "ku gaya ma Baba wani ɗan nama na, wuyan mahwitsara, kowane namiji na da shi. In girma ya zo shi kan kumbura shi matse hanya. Ba sai an yanka ba. Akwai roba da a ka sawa ta buɗe hanyar, yanzu-yanzu shi samu sauƙi."

Na juya na maimaita, ko da yake Ciɗo ya ji kowace kalma. Da ya ji ba yanka, idonsa ya yi haske. Sai ya tambayi ta ina ake sa robar, kuma wa ke sawa. Da na faɗa masa, ya ja mayafi ya rufe fuska.

"Gaya mishi a maishe ni gida in mutu."

Wallahi raina ya ɓaci! Na ce masa mutuwar banza zai yi, kuma ni zan tsaya kan kabarinsa in gaya wa kowa dalili. Bai kula ni ba. Alƙasum ya ce in aka bar shi haka har gobe ƙoda za ta iya lalacewa. Sannan ya ce abin da ban taɓa zato ba.

"Kawu, in aurena da ɗiyarsu ne yat tsare hanya, to ni..."

Bai ƙarasa ba. Ciɗo ya yaye mayafi ya daka tsawar da sai da jakin da ke waje ya zabura.

"Gaya mishi in ya ƙarasa maganag ga ban yahe mishi ba! Auren ɗiyata za a kashe don hwitsarina? Miƙo min robar! Hannun da yac cire belin jinjiri ba shi kasa wanga."

Nan fa wuri ya ɗau zafi. Alƙasum ya ruga ya tafasa robar, wata ja, siririya, mai laushi. Ya miƙo ta taga cikin tasa tare da sabulu da man likita, fuskarsa na kallon gabas. Ciɗo ya wanke hannu har gwiwa yadda aka ce, na kafa masa zana, na koma bakin ƙofa. Alƙasum na faɗa, ina maimaitawa: a shafa mai sosai, a riƙe haka, a tura sannu-sannu. Daga bayan zana Ciɗo na amsawa da nishi, yana cewa in gaya masa tana tafiya. Ni da ban taɓa riƙe ko allura ba, ga ni ina ba da umarni kamar babban likita.

Sai Ciɗo ya ce ta tsaya, ta ci karo da wani abu, bari ya danna da ƙarfi. Halin wanzami ke nan, in abu ya ƙi sai a ƙara hannu. Na buɗe baki in isar da saƙo, amma Alƙasum bai jira ni ba. Ya juyo ya kama ƙarfen taga.

"Baba, kada ku danna! Za ku ji ma kanku rauni! Ku tsaya. Ku ja numhwashi mai tsawo, ku saki jiki. Yanzu ku yi tari kaɗan, ku tura a hankali."

"Haka?" in ji Ciɗo.

"Haka, Baba. Ku ƙara kaɗan."

Babu wanda ya tuna da ni. Sai muka ji ƙara a cikin tasa, shaaa, kamar an kwance bakin salka. Ban san lokacin da na yi kabbara ba! Mutanen da suka rako mu suka ɗauka, wata tsohuwa mai jiran magani ta rangaɗa guɗa ba ta ma san dalili ba. A shekarar da sama ta hana mu ruwa, ban ji zubar da ta faranta mini rai kamar wannan ba. Ciɗo kuwa dariya yake yi yana kuka.

Daga baya, da mota ta samu, na raka shi babban asibitin Tawa. Likita ya duba shi, ya ba shi ƙwayoyi, ya ce aiki na nan in ya so, in kuma zai kiyaye tsabta robar za ta riƙe shi. Ciɗo ya zaɓi roba tun likita bai rufe baki ba. Ta samu aljihunta a zabira, kusa da ƙaho, da ƴar tukunyar da ba a dafa komai a ciki sai ita. Ya yi shekaru yana aski bai sake barin kai rabi ba. Duk tsohon da ya ga yana yawan zagayawa bayan zana, sai ya raɗa masa a kunne ya tura shi likita.

Amma ni abin da ba na mantawa a ranar kasuwar nan ya faru. Da ya fito daga bayan zana, ya gyara riga, sai ya dube ni kamar kullum.

"Gaya mishi..."

"Na aje aiki," na ce. "Ga ka, ga shi."

Ya juya. Sannan ya ɗaga kai wajen taga.

"Alƙasum. Allah shi yi ma albarka. Ka gaida min Habsatu."

Majon da bai ji tsoron komai ba ranar nan sai ya sulale ƙasan taga ya rufe fuska da farar rigarsa. Da yamma na kai wa Habsatu labari. Ba ta tambaye ni yadda aka yi da roba ba. Cewa ta yi in sake faɗa mata yadda ya kira sunan.