Amshin Iya a Cikin Waya

Iya Dije, kakata ta wajen uwa, ba ta ba da tatsuniya kyauta, sai an biya ta da amshi. A gidanmu na Ƙofar Gayan a Zariya, in an ci tuwo an yi sallar isha'i, takan jawo tabarma kusa da murhu saboda ƙafafunta ba sa son sanyi, mu jikoki mu kewaye ta. Sai ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa, wa zai buɗe mata?" In ba mu ce "Mu ne" ba, haka za mu zauna muna kallon garwashi.

Wadda na fi riƙewa ita ce ta Laraba, yarinyar da uwarta ta kwanta ciwo aka aike ta dutsen Kufena ɗebo ganyen magani. Kafin ta dawo rana ta faɗi, an rufe ƙofofin gari. Duk ƙofar da ta je sai ta yi waƙa: "Ƙofa, ƙofa, Laraba ce." A nan Iya take jan bakinta ta yi shiru, ta hau tona toka da tsinke kamar ba ita ba. Mu ne za mu ƙarasa: "Buɗe mata, 'yar gida ce." In wani ya yi gyangyaɗi, ko muka amsa a kasalance, ƙofa ba ta buɗuwa.

"To, kun bar 'yar mutane a waje," in ji ta. "Mu koma Kufena."

Ta kuwa koma farko. Ni da ba ni da haƙuri har kuka na taɓa yi, na ce ai ta san ƙarshen, ta faɗa kawai. Ta ce, "Hadiza sarkin sauri. Wanda bai tura ƙofa ba, ina ruwansa da wanda ya shigo?"

Iya ta daɗe da rasuwa lokacin da na fara haɗa gem, wato wasan da ake bugawa a waya, ni kaɗai, bayan tashi daga ofis. Laraba na ɗauko. Na zana ta da ɗigo-ɗigo irin na gem ɗin zamanin da, ƙananan murabba'ai ana jera su ɗaya bayan ɗaya kamar ɗinkin hula. Na zana ganuwa, na zana dutse, na mayar da waƙar Iya ƙit-ƙit ɗin tsofaffin na'urorin nan masu siririn sauti. Shekara biyu ina fama. Da na ba ƙanwata Bilki ta gwada, ko ƙofa ta biyu ba ta kai ba ta ajiye wayar.

"Yaya, ya yi kyau," ta ce, "amma ko babu ni zai iya buga kansa."

Maganar ta yi mini zafi, don gaskiya ce. Na yi wa kaina alkawari in ta sake ajiyewa zan goge shi in huta. Kwana uku ina ƙara kala, ina ƙara dodanni, duk a banza. Sai wata Asabar da hantsi, ina wanke-wanke ina rera waƙar, na ji na tsaya a tsakiya ina jira. Ashe a gem ɗin ni na cike gurbin da Iya take bari. Na'urata tana rera waƙar daga farko har ƙarshe, ƙofa tana buɗe kanta.

Na koma na yanke rabin kiɗan. Yanzu in Laraba ta kai ƙofa, sautin sai ya ɗauke, sai mai wasa ya danna amshin daidai da karin waƙar. In ya kuskure, a koma Kufena.

Bilki ta karɓa tana taɓe baki. Ta koma Kufena sau huɗu, tana tsaki, amma ba ta ajiye ba. A karo na biyar kiɗan ya ɗauke, tsakar gida ta yi tsit. Inna, mahaifiyarmu, tana tsintar shinkafa a gindin rijiya, ko ɗago kai ba ta yi ba, sai muka ji ta a hankali: "Buɗe mata, 'yar gida ce." Tun rasuwar Iya ban ji ta rera komai ba.

Na gode wa Allah da ya ba ni kaka mai rowar ƙarshen labari. Yau in gem ɗin ya yi shiru a hannun wani yaro da bai taɓa ganin ganuwar Zariya ba, na san shirun waye. Allah ya jiƙan Iya, har yanzu tana jira a amsa mata.