Doña Herminia, Mai Zazzage Gwangwanin Magani

Ƙarfe shida na safe Doña Herminia Caicedo (Doña lakabin girmama dattijuwa ne a wajenmu) take sauka daga bas a ƙofar asibitin garinmu, da filas ɗin kofi a hammata. Shekara talatin da ɗaya tana aikin jinya a ɗakin gaggawa, kuma duk wanda aka kawo sai ta sa an zazzage mata magungunansa a faranti ta duba ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa direbobin motar asibiti suke kiranta Kwastam.

Ni ma na taɓa jifarta da sunan nan, da baƙar magana kuwa. Ranar wata Talata da rana na kawo mahaifiyata, zuciyarta tana bugawa ɗari da tamanin a minti. Likita Wilmer ya riga ya zuƙi allura, ita kuwa matar nan ta tsare ni.

"'Yata, ina magungunan Mama?"

"Haba Kwastam, uwata tana mutuwa kina binciken kaya?"

"Zage ni anjima. Miƙo gwangwanin."

Mama a tsohon gwangwanin alewa take haɗa ƙwayoyinta, babu kwali babu takarda. Doña Herminia ta baza su da yatsa, ta tsinto wata mai ruwan lemo.

"Likita, dakata. Tana shan dipiridamol."

"Babu shi a fayil ɗinta, Doña."

"Fayil ba ya haɗiyar magani, ɗana."

Ashe a can birnin Cali aka rubuta wa Mama shi, lokacin da ta je wurin ƙanena. Likita ya rage allurar zuwa ƙasa da rabi. Duk da haka na ga layin na'urar auna bugun zuciya ya miƙe, kafin bugun ya dawo a hankali. Mama ta buɗe ido ta tambayi wa ke duba mata tukunya.

Daga baya ne likitan ya yi mini bayani. Allurar, adenosin, tana ɗan tsayar da zuciya ne don ta sake tashi daidai. Ba ta daɗewa a jini, domin a fatar ƙwayoyin jini akwai 'yan ƙofofi masu zuƙe ta ciki cikin daƙiƙu kaɗan. Ƙwayar Mama ƙofofin nan take rufewa. Da an ba Mama cikakkiya, da allurar ta yi ta yawo a jini babu wurin shiga, zuciya tana tsaye.

Doña, ke ce kika san wannan ba tare da buɗe littafi ba. Ke ce kika shanye zagin mutane shekara da shekaru ba ki fasa tambaya ba.

Ranar Juma'a Doña Herminia za ta ajiye aiki. Ku ma'aikatan jinya 'yan baya, ku riƙa zazzage gwangwani ko da an harare ku. Mama tana nan, jiya ma faɗa muka yi kan gishirin miya, na fito ina dariya ina share hawaye. Na gode, Doña. Shekara huɗu ke nan ban ba ki haƙurin zagin da kika ce in ajiye sai anjima ba. Ki yafe mini.